Makullin Yara

Ƙarfe tara saura na safiyar Asabar Tawfiq ya kira ni. Tawfiq ɗan yayata ne, Yaya Rakiya, kuma wata goma sha ɗaya ke nan rabon da lambarsa ta fito a wayata. Ko gaisuwar kirki bai tsaya mun yi ba.

"Anti, Umma tana asibiti tun jiya, zuciyar ce ta sake tashi. Ta ce a kira mata Auta."

Ni ce Autar. Shekarata arba'in da shida, mataimakiyar darakta ce ni a wata ma'aikatar tarayya, akwai mutanen da ke miƙewa tsaye in na shigo ofis suna "Madam Nafeesa, barka da zuwa", amma a bakin Yaya Rakiya ban taɓa wuce Auta ba.

"Ga ni nan zuwa," na ce masa. "Bari in ɗan haɗa mata wani abu."

"Ba ta cin komai fa, Anti. Ki zo kawai."

"Na ji ka."

Ban ji shi ba. Daga gidana a Maitama zuwa asibitin da aka kwantar da ita a Garki tafiyar minti ashirin ce, ranar Asabar ma ba ta kaiwa. Makullin motata yana kan teburin cin abinci, mayafina yana rataye a bayan kujera. Na wuce su duka biyun na shiga kicin na ɗauko fulawa.

Kafin a ce ba ni da hankali, sai a san irin gidan da na fito. Mu 'ya'yan Malam Abdulbaƙi ba mu iya cewa "yi haƙuri" ba, bakinmu ba ya ɗaukar kalmar. In ka ɓata wa na gaba da kai, girki za ka yi da hannunka ka kai masa. In ya ɗanɗana, ko da loma ɗaya ce, magana ta mutu, ba mai sake tayar da ita. Haka muka taso muka ga ana yi. Ni kuwa laifin da na yi wa Yaya bai yi kama da wanda lemon bakin asibiti zai wanke ba. Gurasa nake bukatar in kai mata, kuma wadda aka gasa a cikin oben ɗin nan nawa, domin a kansa muka ɓata.

Ina da shekara bakwai iyayenmu suka rasu, wata huɗu tsakani. Yaya tana da goma sha tara. Ita ta gaji tanderun mahaifiyarmu a unguwarmu ta Jakara, ita ta riƙa manna gurasa a jikin yumɓu mai zafi tun kafin rana ta fito, da wannan gurasar na yi firamare da sakandare har na shiga jami'a. Tanderun ya cinye mata babban yatsan dama. Fatar wurin ta zama sumul, ba zane ko ɗaya, sai wani tabo da ya ratsa ta a karkace. Ranar da na kai ta yin katin ɗan ƙasa, na'urar ta ƙi karɓar yatsan har sau shida, tana dariya tana ce wa ma'aikacin, "Ɗana, na bar shi a Jakara."

Da mijinta ya rasu na ɗauko ta na kawo ta Abuja, na ce ta huta. Hutu kuwa ba ya cikin jinin Yaya. Kwana uku da zuwanta ta gano oben ɗina, irin wanda ake ginawa a cikin bango, ba shi da abin murɗawa ko ɗaya, sai baƙin gilashi da ake taɓawa da yatsa. Ta ce wannan tanderun 'yan boko ne, amma za su saba. Kullum in na dawo daga aiki sai in tarar da shatin fulawa a kan gilashin, ina gogewa ina tsaki. Wata rana ina da baƙi, matan manya, masu kallon labulenka suna auna ka, Yaya ta danna wuta ta sama maimakon ta ƙasa. Hayaƙi ya cika falo, ƙararrawar gobara ta ɗauki ihu. Baƙin suka yi dariya, ita ma ta yi. Ni kaɗai ce ban yi ba.

Washegari na kira Thaddeus, mai gyaran kayan wuta da ke da shago a bayan kasuwar Wuse, wanda shi ya ɗaura min oben ɗin tun farko. Na ce ya nuna min yadda ake kulle shi. Ya nuna min wata 'yar alama a kusurwar gilashin: ka ɗora yatsa ka riƙe, ka ƙirga biyar, sai hoton makulli ya fito ja, daga nan duk abin da aka taɓa ba zai amsa ba. Na kulle, na tafi aiki, ban ce wa kowa komai ba.

Kwana biyu Yaya tana fama da shi a ɓoye, ta ɗauka ita ta lalata min kaya. A rana ta uku ta samu lambar Thaddeus a jikin firji ta kira shi, ta roƙe shi ya zo kafin in dawo. Bawan Allah bai san komai ba. Ya duba ya ce, "Hajiya, bai lalace ba, makullin yara ne. Madam ce ta ce in koya mata." Na dawo na same ta a falo da jakarta a gaba, ta sa hijabi, tana jiran Tawfiq ya zo ya tafi da ita gidansa a Area 1.

"Auta," ta ce, "ashe yarinya na koma a gidanki."

A nan ya kamata in durƙusa. Sai na ce, "Yaya, wannan fa ba tanderun Jakara ba ne." Ta dube ni, ta gyaɗa kai, ta ɗauki jakarta. A ranar na buɗe makullin, kuma ban sake sa shi ba ko sau ɗaya.

To, ranar Asabar ɗin nan na kwaɓa fulawa da yis da gishiri da ɗan sukari, yadda ta koya min, na rufe kwaɓin da tsumma na ajiye ya tashi. Ƙarfe tara da rabi na juya in kunna oben ya fara zafi. Jan makullin nan yana zaune a kusurwar gilashin yana kallona.

Ban tsorata ba, haushi na ji. Gidan ba kowa, maigidan yana Legas tun Laraba, yara suna makarantar kwana, mai aikina ba ta zuwa ranar Asabar. Na ce wataƙila garin goge-goge jiya ta danne shi ba ta sani ba. Na ɗora yatsa na ƙirga biyar. Shiru. Na ƙirga goma. Na wanke hannu na tsane shi tas na sake gwadawa, na gwada da yatsan hagu, na gwada da babban yatsa. Ko ɗan kukan da yake yi in an taɓa shi bai yi ba.

Na jawo durowar da nake tara takardun kayan wuta na zazzage ta a ƙasa, na nemo littafinsa. An rubuta a shafi na sha huɗu cewa in makullin ya ƙi buɗewa a goge gilashin da busasshen tsumma, domin maiƙo ko danshi na iya ruɗa shi. Na goge har yana ɗaukar ido. An ce in hakan bai yi ba a kashe wutar a bango, a jira minti biyar, a sake kunnawa. Na kashe. Agogon da ke tsakiyar gilashin ya mutu, fitilar cikin ta mutu, amma makullin bai mutu ba. Na ce to, makunnin bangon ne ya samu matsala. Na fita baranda na buɗe akwatin wuta na sauke babban makunnin gidan gaba ɗaya. Firji ya yi shiru, fankar falo ta tsaya, gidan ya yi tsit har ina jin tsuntsaye a bishiyar maƙwabta. Na dawo kicin a hankali. Yana nan, ja, kamar garwashin da ya rage a murhu.

Nan gabana ya ɗan faɗi, amma ni mace ce mai digiri biyu, ba zan tsaya ƙarfe ya raina min hankali ba. Na kira Thaddeus. Ya ce yana kan wani aiki amma tunda ni ce zai taho. Ina ajiye wayar Tawfiq ya sake kira.

"Anti, kin taso?"

"Yanzu-yanzu. Yaya jikin nata?"

"Tana ta tambaya. Duk wanda ya turo ƙofa sai ta ɗaga kai."

"Ka ce mata ina hanya."

Ina faɗin haka ina tsaye a kicin, ƙafata ba ko takalmi. Kwaɓin ya riga ya tashi ya tura tsumman sama. Na naushe shi ya koma, na sake rufewa.

Sai sha ɗaya saura Thaddeus ya iso, yana gumi, yana ba da labarin cunkoson bakin kasuwa da wani mai tasi da ya tare hanya. Mutum ne mai kimanin shekara hamsin, ɗan Kudancin Kaduna, baƙi, gajere, da tabarau ɗaure da zare a wuya. Tun ranar da abin nan ya faru yake jin nauyina, ni ma nake jin nasa, ba wanda ya taɓa ɗauko zancen. Ya ajiye jakar kayan aikinsa ya dubi gilashin ya yi 'yar dariya.

"Madam, wannan ai kin san shi. Ni na koya miki."

"Da na san shi da ban kira ka ba. Kuma duba da kyau, babu wuta a gidan nan."

Dariyar ta tsaya. Ya waiga ya dubi firji, ya danna makunnin fitila sau biyu. Sai ya ce wani lokaci wuta tana ɗan saura a cikin allon, kamar ruwan da ke saura a tiyo bayan an rufe famfo, minti ɗaya ko biyu za ta tsiyaye. Na ce masa an fi awa ɗaya. Ya kwance kusoshi huɗu, ya jawo oben ɗin waje daga cikin bango, ya zare wayar daga baya ya riƙe ta a hannu yana nuna min bakinta, kamar ni ce na yi musu. Makullin bai ko ƙifta ba.

Ya mayar da wayar, ya sa na ɗaga babban makunnin, ya ɗauko 'yar na'urarsa mai wayoyi biyu, ja da baƙa, ya shiga taɓa nan da can. Ya daɗe. Ni kuma ina zagaye kicin ina duba agogon waya, ina zaginsa a zuci, ina zagin wanda ya ƙera oben ɗin da ƙasar da ya fito.

"Board ɗin lafiya yake," ya ce daga ƙarshe, yana nuna allon. "Komai lafiya. Abin da na gani shi ne, kamar an danne shi."

"Wa ya danne shi?"

"Irin wannan glass, Madam, yatsa ɗaya yake ji a lokaci ɗaya. In wani ya sa yatsa bai cire ba, ko mutum goma su taɓa ba zai ji su ba. Shi a nasa tunani, akwai yatsa a kai tun ɗazu. Yana jira a ɗaga ne."

"To ai ka ga babu kowa."

"Na gani."

Ya sa tabaraunsa ya matsa kusa, ya karkata kai yadda hasken taga zai faɗa a kan gilashin. Sai ya kira ni da hannu. Na sunkuya kusa da shi. Daidai kan alamar makullin akwai shatin yatsa, irin hucin da ke kwanciya a gilashi in an ɗora hannu mai ɗumi. Na ce nawa ne, tun safe nake dannawa. Na sa tsumma na goge. Ya ɓace, muna kallo ya sake fitowa a hankali, daga tsakiya zuwa gefe. Ya fi yatsana faɗi. Ba shi da zane ko ɗaya, sumul yake, sai layi guda da ya ratsa shi a karkace.

Tsigar jikina ta tashi tun daga ƙeya har dunduniya. Na san yatsan nan. Shi ya share min majina, shi ya riƙa danna min goshi in na yi rashin ji. Kuma a daidai lokacin na ji ƙamshi, ba na kwaɓin da ke bayana ba, na gurasar da ta gasu har gefenta ya ɗan ƙone a jikin yumɓu, da hayaƙin kara a cikinsa. Na buɗe ƙofar oben ɗin da sauri. Sanyi ƙalau, ba komai sai farantan ƙarfe biyu.

Thaddeus ya taɓa wurin da bayan yatsansa ya janye. "Da ɗumi," ya ce. Ya ja da baya har ya jingina da wurin wanke-wanke. Can ya tambaya, murya ƙasa-ƙasa, "Madam, Hajiya babba fa? Tana lafiya?"

"Tana asibiti."

"Tun yaushe?"

"Tun jiya. Da safe ta aiko in zo."

Ya dube ni ta saman tabarau. "Kuma kina nan?"

Wallahi da wani ne a ofis ya yi min wannan kallon da ya kwana da takardar gargaɗi. Na ce masa gyara na kira shi ya yi, ba wa'azi ba. Ya ce in gurasa ce ai ana iya yin ta a kasko a kan gas, minti goma an gama, ko a roƙi matar gidan sama a yi amfani da nata oben ɗin. Na ce a'a. Ban yi masa bayani ba, amma abin da nake so shi ne in miƙa mata in ce, "Yaya, a cikinsa na gasa," ta gane abin da nake nufi ba sai na faɗa ba. So nake in ga fuskarta tana ɗanɗanawa tana cewa gishiri ya yi kaɗan. Na riga na tsara komai a kaina, kuma ni ba a rushe min tsari.

Tsoro kuma yana nan, ba zan ɓoye ba. Na ga yatsan, na gane shi, amma sai na fassara shi yadda ya dace da halina. Na ce rama min take yi. Na kulle mata, ta kulle min. Zuciyata ta ce, to Yaya, mu zuba mu gani, ni ma 'yar Malam Abdulbaƙi ce. Kunya ta hana ni zuwa hannu rabbana, taurin kai ya hana ni barin gilashin, na haɗa su biyun na kira su ladabi.

Sha biyu saura kwata Tawfiq ya kira karo na uku. Muryarsa ta canza.

"Anti, ta daina magana. Ƙofa kawai take kallo. Don Allah kina ina?"

"Na kusa. Minti kaɗan."

Na kife wayar a kan kantar kicin. Na ce wa Thaddeus ya cire allon gaba ɗaya ya haɗa wayoyin kai tsaye, wuta kawai nake so ta kama. Ya ce ba zai yi ba, haka ake ƙona gida. Na ce zan kira wani. Ya ce in kira. Amma bai tafi ba, ya tsaya riƙe da sukundireba yana kallon shatin nan, leɓensa yana motsi, ina jin addu'arsu yake yi. Ni kuma na koma na ɗora yatsana a kan nata na danna da ƙarfina duka, har farcena ya yi fari. Ɗumin yana ratsa fatata. Na ƙirga biyar, na ƙirga hamsin, na daina ƙirgawa. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka a haka ba.

Sai ɗumin ya fara raguwa a ƙarƙashin yatsana. Oben ɗin ya yi ɗan kuka sau ɗaya, siriri. Na ɗaga hannu. Makullin ya ɓace, shatin yana bushewa daga gefe zuwa tsakiya har ya tafi. Agogon gilashin ya dawo yana ƙifta sifili huɗu.

"Alhamdu lillahi!" na ce da ƙarfi, har da tafi. "Ka gani ko? Injiniya guda, mace ta fi ka."

Bai yi dariya ba. Ya ce irin wannan ba ya kama wuta sai an saita masa lokaci, ƙarfe nawa? Na juya wayata. "Sha biyu da minti goma sha bakwai." Ya danna lambobin, gilashin yana amsa masa tun kafin ya gama taɓawa, kamar bai taɓa yin gardama ba a rayuwarsa. Ya mayar da oben ɗin cikin bango, ya ɗaure kusoshin, ya tattara kayansa. A bakin ƙofa ya tsaya kamar zai ce wani abu, sai ya ce, "Allah ya ba Hajiya sauƙi," ya sauka.

Na yi murna, wannan ma ba zan ɓoye ba. Na ɗauka na yi nasara, ko kuma ta haƙura ta sakar min. Ina yanka kwaɓin gida shida ina faɗaɗa shi da tafin hannu wayar ta yi ta ruri a kan kantar. Na leƙa na ga Tawfiq ne. Hannuna duk fulawa, na ce bari ya gan ni kawai. Ta sake yi, ta sake yi, daga baya ta yi shiru.

Ban taɓa yin gurasa irin ta ranar ba. Ta kumbura, ta yi ja a sama, ƙasanta ya yi ɗigo-ɗigon baƙi kamar ta tanderu. Na naɗe guda shidan a farin tsumma na sa a kwando, na ɗora a kujerar gaba, har na ja mata bel don kada ta zame. Hanya fayau, ko tsayawa ban yi ba sai a danja ɗaya. Minti goma sha huɗu suka kai ni.

A barandar hawa na biyu na hango Tawfiq a tsaye da wasu maza uku, abokan aikinsa, ɗaya ya dafa masa kafaɗa. Da na ga yadda suka buɗa min hanya ba wanda ya dube ni, sai na tsaya cak. Tawfiq ya dubi kwandon, ya dube ni. Idonsa ja.

"Anti, sai haƙuri. Umma ta cika."

Na ji bakina yana salati, ni kuwa ban san na fara ba. Da na samu numfashi abin da na tambaya shi ne, "Ƙarfe nawa?"

Wata ma'aikaciyar jinya ce ta amsa, doguwa, an rubuta Felicity a ƙirjin rigarta, tana riƙe da fayil. Ta duba ta ce sha biyu da minti goma sha bakwai. Sai ta ce, cikin Hausarta ta 'yan Jos, ko ni ce wadda Mama ke jira? Na gyaɗa kai.

"Ta yi ƙoƙari," ta ce. "Tun wajen tara da rabi likita ya ce ba za ta kai awa ɗaya ba. Amma ta riƙe. Ta sa babban yatsanta a kan ƙarfen gado ta danne, mun so mu sa mata abin awo a hannun, mu biyu mun kasa ɗaga shi. Sai a hagu muka sa. Haka ta danne tana kallon ƙofa, har lokacin ya yi, sannan hannun ya sauka."

Tawfiq ya ce ya yi ta tambayarta ko wani abu ke mata ciwo a hannun, ba ta amsa ba. Ya ce sau ɗaya, tun tana iya magana, ta ce, "Yarinyar nan za ta tsaya girki."

A nan na gane. Ba ramuwa take yi ba. Ta san ni, ita ta raine ni, ta san inda zan nufa da abin da zai tsayar da ni, shi ne ta kashe sauran ƙarfinta wajen rufe min shi don in ɗauki makullin mota in taho. Awa uku tana riƙe da ƙofar nan a rufe, ni kuma ina ɗaya gefen ina kokawa da ita.

Suka bar ni na shiga ni kaɗai. An rufe ta da zanen asibiti, fuskarta ta juya wajen ƙofa, ba a riga an gyara ba. Na zauna a bakin gadon da kwandon a cinyata, zafinsa yana ratsa zanina. Na jawo hannunta na dama. Kan babban yatsan ya baje, ya yi fari, shatin ƙarfen gadon yana kwance a kan tsohon tabon.

"Yaya, ki yi haƙuri," na ce. Ashe kalmar ba ta da wuyar faɗa. Na maimaita ta ban san sau nawa ba, na yi kuka irin wanda rabona da shi tun ina shekara bakwai.

Da na ɗan lafa sai na ga hannuna ya riga ya kwance tsumman. Na ɗauki ta saman, na gutsuri gefen da ya fi gasuwa, inda take fara ci in za ta ɗanɗana. Har yanzu tana tururi. Na zauna riƙe da lomar, ban san bakin da zan kai wa ba.